Rabin litar man da ke riƙe da jirgi da duk kayan cikinsa

Duk ɗan kasuwar da ke hulɗa tsakanin Gaya da Malanbil ya san yadda al'amura suka sauya tun daga ƙarshen watan Yuli na shekarar 2023, lokacin da aka rufe gadar da ta haɗa Nijar da Benin bayan juyin mulkin Yamai da kuma takunkumin ƙungiyar CEDEAO. Kayan da a da kamiyo ke ƙetarewa da su cikin ƴan mintoci, sai ga shi an koma ana sauke su a bakin ruwa, ana loda su cikin jirage buhu-buhu. Ko da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, ɓangaren Nijar na gadar bai buɗe ba a wannan lokaci, saboda haka masara da garin rogo da doya da albasa, har da babura da masu su, suka ci gaba da bin ta kan ruwa. Mutane da yawa da ba su taɓa shiga jirgi ba, a nan ne suka fara sanin ƙarar injin jirgi.

Ga mutanen Dole da Lolo da Yawuri da Ayoru a kan kogin Isa, wanda ƴan Najeriya ke kira Kwara, wannan ba sabon abu ba ne. Haka ma ga masu safarar banda da hatsi a tafkin Cadi, tsakanin Baga da Darak da Bol. To amma ko a can ɗin, abin da aka saba gani shi ne ɗan kasuwa ya yi ta ciniki a kan kuɗin fito, ya ƙidaya buhunansa sau biyu, ya duba ko ruwa na shiga ta ƙasan jirgi, amma ba zai taɓa tambayar abin da aka zuba cikin tankin inji ba. Alhali kuwa dukiyarsa da ransa duka suna rataye ne ga rabin litar mai, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da na kayan da ke cikin jirgin.

Inji marar rumbun mai

Galibin injunan da ake maƙalawa a bayan jiragenmu, irin su Yamaha Enduro masu ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40, da ƴan uwansu Suzuki da Tohatsu da waɗanda ke zuwa daga ƙasar Sin, injuna ne masu bugu biyu, waɗanda ake rubuta wa 2T. Tun cikin shekarun 2000 dokokin hana gurɓata iska suka ture irinsu daga kasuwannin Turai da Amurka, amma a nan Afirka suna nan daram, saboda ba su da nauyi, ba su da tarkace da yawa, kuma bakanike na iya kwance su a ƙarƙashin bishiya ya mayar kafin la'asar.

Bambancinsu da injin mota shi ne ba su da rumbun da mai ke kwanciya a ƙasa. A mota, baƙin mai na zaune wuri guda, famfo na harba shi ko'ina yana komowa. A injin 2T kuwa, esansi da iska ne ke bi ta cikin ɗakin karanshaf kafin su hau sama su ƙone, don haka man da aka gauraya cikin esansin shi kaɗai ne ke shafar boris da fistan da ringi da bangon silinda. Yana wucewa sau ɗaya, ya yi aikinsa, ya ƙone tare da esansi, ya fita cikin hayaƙi. Ba ya dawowa. Idan man da ya shiga bai isa ba, babu wani na ajiya da zai rufa asiri.

Bari mu ɗan yi lissafi, tun da dai masu karatunmu mutanen lissafi ne. Inji mai doki 40, idan an buɗe masa wuta gaba ɗaya, yana juyawa kamar sau 5,000 a minti guda, wato sau 300,000 a awa, kuma yana shan esansi kusan litar 20 a wannan awa. Man da ya kamata ya kasance cikin litar 20 ɗin nan mililita 400 ne kacal, bai kai rabin lita ba. Idan aka raba, za a tarar ɗigo ɗaya na mai ne ke ɗaukar nauyin juyi kusan 40. To, wannan ɗigon ne wasu ke ragewa da sunan tsimi.

Abin da ke biyo baya makanikan bakin ruwa sun san shi sarai. Fistan na alminiyam ne, kuma alminiyam ya fi ƙarfen silinda saurin kumbura idan ya yi zafi. Da zarar shafin mai ya yanke, ƙarfe ya gogi ƙarfe, zafi ya ƙaru, fistan ya kumbura ya narke ya manne da bango, sai inji ya ɗauke cak. Wannan shi ne ake cewa inji ya kama. Ba ya sallama, ba ya jiran a kai gaɓa. A tsakiyar kogi lokacin cikar ruwa, jirgin da ya yi lodi har baki idan injinsa ya mutu sai ya juya ya ba igiyar ruwa gefensa, kuma daga nan abin da zai faru sai dai Allah ya kiyaye.

Awo

Ƙa'idar da masu ƙera yawancin waɗannan injuna suka rubuta ita ce 50 da 1: awo 50 na esansi, awo 1 na mai. Wato kowace litar esansi tana son mililita 20, daidai cikin babban sirinjin allura mai lamba 20. Litar 10 na son 200. Jarka mai litar 25 na son rabin lita cif. Duro mai litar 200 na son litar 4. Sabon inji, ko wanda aka sake wa fistan da ringi, ana ninka masa man, wato 25 da 1, lita guda a jarka, har ya yi awa 10 yana aiki, kuma cikin waɗannan awoyi ba a matsa masa wuta na dogon lokaci. Mutumin da ya sayi sabon inji ranar jajibirin kasuwa ya ɗora masa cikakken lodi washegari, ya ci rabin rayuwar injin tun bai fara biyan bashinsa ba.

Akwai wasu ƙananan injuna da littafinsu ya ce 100 da 1. Wannan awo ne da ya dace da mai yawon shan iska da jirgi marar kaya; wanda ke jan buhuna daga safe har dare ya fi masa alheri ya tsaya a kan 50 da 1.

Matsalarmu a nan ba rashin sanin ƙa'ida ba ce kawai, rashin ma'auni ne. Ana zuba mai da ido, ko da murfin galan, ko da wani gwangwanin da babu wanda ya san cikinsa. Sannan ita kanta jarkar, irin ruwan ɗorawar nan ta man girki da ake cewa mai 25, idan aka cika ta har wuya takan wuce 25. Ga kuma kwalaben masu sayarwa a bakin hanya, waɗanda wata lita ce, wata ba ta kai ba. Mafita mai sauƙi ce: a samu gorar roba mai haske, a auna rabin lita sau ɗaya da ma'aunin gaskiya, a ja layi da wuƙa, a ɗaure ta da igiya a jikin jirgi. Yaron jirgi ko bai yi lekkol ba ya san layi.

Yadda ake haɗawa ma yana da muhimmanci. Mai ya fi esansi nauyi, idan aka tsiyaya shi a kan cikakken tanki sai ya gangara ƙasa ya kwanta, inda bututu ke tsotsa. Inji zai tashi da hayaƙi kamar ana ƙona daji, daga baya kuma ya koma shan esansi kusan tsura. Abin da ya dace shi ne a fara zuba esansi kaɗan, a zuba man duka, a rufe a girgiza sosai, sannan a cika a sake girgizawa. Lokacin hunturu, da asuba, mai yakan yi kauri, sai an ƙara haƙuri wajen girgizar. Kuma a yi wannan aiki a tudu, ba cikin jirgi ba, nesa da mai shan taba da mai gasa kifi.

Wasu kuma sun ɗauka cewa idan kaɗan na da amfani, da yawa ya fi. Ba haka ba ne. Man da ya yi yawa ba ya ƙonewa duka, yana jiƙa buji, yana tara baƙin gawayi a kan fistan da cikin ramin ringi da bakin mafitar hayaƙi, har ringi ya manne, inji ya rasa ƙarfi ya riƙa shan esansi ba gaira ba dalili. Amma gaskiya ɗaya ce, idan dole sai an kuskure, gara a kuskure ta wajen ƙari kaɗan: buji ana wanke shi, fistan da ya narke kuwa sai sabo.

A lura, duk wannan bayani bai shafi injuna masu bugu huɗu ba, waɗanda ake rubuta wa 4T ko Four Stroke, da suka fara shigowa hannun hukumomi da wasu masu hali. Su suna da rumbun mai kamar mota, ba a gauraya musu komai. Akwai kuma wasu manyan 2T masu ƙaramin tankin mai na daban, da ke yin gaurayen da kansu. Wanda ya sayi inji na hannu, ya tabbatar da irin wanda ya saya kafin ya zuba masa ko ɗigo.

Ba kowane mai ba ne man jirgi

Nan ne maganar ta iso ƙofar ƴan kasuwa, domin mu ne ke sayar da man. A rumfa guda za ka tarar da man mota mai lamba 40, da man babur mai 2T, da man injin jirgi, an jera su tare, mai saye kuma sau da yawa farashi kawai yake tambaya.

Man da aka yi domin injin jirgi yana ɗauke da alamar TC-W3 a jikin galan. Wannan shaida ce ta ƙungiyar masu ƙera kayan jiragen ruwa ta Amurka, wato NMMA, harafin W ɗin kuma yana nufin injin da ruwa ke sanyaya shi. An haɗa shi ne yadda zai ƙone bai bar toka ba. Man babur da na injin yankan katako kuwa, waɗanda iska ke sanyayawa kuma suka fi zafi, ana sa musu wasu sinadaran wanki masu ƙarfe-ƙarfe da ke barin toka kaɗan. Babur yana ƙara wuta yana ragewa, tokar na samun hanyar fita. Injin jirgi kuwa yakan yi awa biyu ko uku a kan murya ɗaya, sai tokar ta taru a kan buji da kan fistan, ta yi ja kamar garwashi, ta riƙa kunna esansi tun lokaci bai yi ba. Idan an rasa TC-W3 a wani ƙauye, man babur mai kyau zai kai mutum gida, ya fi babu nesa ba kusa ba. Amma mayar da shi abincin kullum kuskure ne.

Man mota shi ne babbar ɓarna, domin ba a yi shi don ya ƙone ba sam. Ba ya gaurayuwa da kyau, kuma gawayin da yake bari ya ninka na sauran. Mafi muni shi ne tsohon man da aka juye daga mota ko janareto aka tace da tsumma: cike yake da garin ƙarfe da ido ba ya gani, wanda zai bi ta cikin boris yana cin sa kamar ana goga masa yashi. Tun da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin esansi ya yi tsalle a dukan kasuwannin iyaka, har da na bayan fage, wanda ake kira ruwa-ruwa a Maraɗi da Damagaram, kpayo a Benin, zuwa-zuwa a arewacin Kamaru. Mai jirgin da esansi ya cinye masa riba, ba shi da ikon rage esansi, don haka wurin man gauraye yake waiwaya. Ana iya fahimtar halin da yake ciki, amma wannan tsimi ne irin na mai sayar da akuya ta dawo tana ci masa danga.

Sai kuma jabu. Sanin kowa ne cewa akwai masu bi suna sayen galan-galan da aka gama amfani da su, su ɗura wani mai, su sa masa launi, su mayar da murfi. Shuɗi ko koren launin da ke cikin man jirgi rini ne kawai, an sa shi don a gane cewa an riga an gauraya esansi. Ba shaidar inganci ba ne, kowa na iya sa shi. Abin dubawa shi ne zoben murfi ko an taɓa karya shi, da takardar jiki ko ta yi kama da wadda aka sake mannawa, da kuma farashin da ya faɗi ƙasa fiye da hankali. Ɗan kasuwar da ke son sunansa ya saro daga dila sananne. Mai jirgi kuma idan ya gama da galan, ya huda gindinsa da wuƙa kafin ya yar, don kada gobe ya sake sayen abinsa.

Shi ma esansin abin lura ne. Wanda ya kwana cikin duro a buɗe yana tara ruwa da ƙasa, wanda aka sirka da kananzir kuwa yana sa inji ƙwanƙwasa, har ya kai ga huda kan fistan. Gwajin ruwa ba ya buƙatar komai sai farar kwalba: a ɗiba a ajiye minti kaɗan, idan da ruwa za a gan shi kwance a ƙasa. A riƙa zubawa ta mazurari mai rariya. Kuma kada a haɗa gaurayen da ya wuce na ƴan kwanaki, domin esansin da ya daɗe yakan sha iska ya bar danƙo cikin kafireta. Toshewar kafireta kuwa a injin 2T ba ƙaramin abu ba ne: silindar da esansi bai isa gare ta sosai ba, mai ma bai isa gare ta ba.

Fitsarin inji

Ko man ya cika ƙa'ida, inji zai ƙone idan ruwan sanyaya shi ya yanke. A ƙasan ƙafar inji, kusa da farfela, akwai ƴan ramuka da ke shan ruwan kogi, wata roba mai fukafukai kuma tana tura shi sama. Shaidar cewa tana aiki ita ce ɗan siririn ruwan nan da ke tsartuwa ta bayan inji, wanda masu jirgi ke kira fitsari. Wannan ko fasinja na iya sa masa ido. Idan ya tsaya ko ya koma ɗigo, a kashe inji nan take a duba. Sau da yawa leda ce ko kainuwa ta rufe ramukan, ko laka ta toshe bakin mafitar, wadda siririyar waya ke buɗewa.

Robar nan tana da maƙiya biyu a koginmu. Na farko jan ruwan damina, na watannin Agusta da Satumba, mai ɗauke da laka da yashin da ƙoramu ke kwasowa. Na biyu ƙarancin ruwa na bazara, daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin da ƙafar inji ke sharar rairayi. Saboda haka sake ta sau ɗaya a shekara shi ne mafi ƙaranci ga jirgin haya, kuma a ajiye wata cikin akwati. Al'adar nan ta tayar da inji a tudu don mai saye ya ji ƙararsa, ita ma tana kashe robar cikin ƴan daƙiƙoƙi, domin ruwa ne ke mata madadin mai. Wanda zai sayi inji ya ce a gwada masa cikin duro cike da ruwa. Haka nan cire tamosta a yar, da wasu makanikai ke yi wai don ƙasarmu da zafi, ba gyara ba ne: injin da bai kai zafin aikinsa ba ya fi tara gawayi.

A can ƙasa kuma akwai giya, wadda ke da nata man na daban, mai kauri, lamba 90. Ana juye shi bayan awa 10 na farko, daga nan kuma duk awa 100, wanda ga jirgin da ke fito kullum bai fi ƴan makonni ba. Ana ɗura shi ne ta ramin ƙasa har sai ya ɓullo ta na sama. Idan tsohon ya fito fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga, kuma galibi zaren koma ko na ƙugiya ne ya naɗe a bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa. Shi ya sa yake da kyau a riƙa cire farfela lokaci-lokaci, a warware zaren, a shafa giris.

Game da farfelar kanta, jirgin kaya yana son mai gajeren taki, wadda za ta bar inji ya juya yadda ya kamata. Mai dogon taki ta jirgin gudu ce. Idan aka ɗaura ta a jirgin da ya sha lodi, inji zai yi ta nishi kamar kamiyon da ke hawan tudu da babbar giya. Ƙananan injuna masu ɗan ƙarfen tsaro a farfela, wanda aka yi shi don ya karye idan an bugi dutse ko kututture, kada a musanya shi da ƙusa. Ƙusa ba za ta karye ba, haƙoran giya ne za su karye a madadinta.

Buji, ko fulogi kamar yadda ake faɗi a ƙetaren iyaka, shi ne ke ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. Idan bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Idan baƙi ne a jiƙe, mai ya yi yawa ko ba mai kyau ba ne. Idan ya yi fari fat kamar alli, inji na zafi fiye da kima, kada a sake fita da shi sai bakanike ya gani. A sayi mai lamba daidai da wanda ya zo da injin, ba kowane wanda ya shiga ramin ba.

Injin da ya faɗa ruwa kuma ba a barinsa ya kwana. A cire buji, a juya shi ruwan ya fita, a wanke kafireta, a zuba man 2T ta ramin buji a ja igiya a hankali, a yi ƙoƙarin tayar da shi a ranar, domin tsatsa na kama boris cikin awoyi kaɗan da zarar iska ta taɓa shi. Idan an ji alamar yashi a ciki, kada a tilasta, a kai shi a kwance.

Ɗan kasuwar da zai ɗora dukiyarsa a jirgin wani yana da haƙƙin ya ga galan ɗin man da aka zuba, ya tsaya har a tayar da inji ya ga fitsari na fita da ƙarfi, ya kuma leƙa ko akwai filafili da gora da buji na ajiya da igiyar tayarwa ta biyu. A mashigai da dama akwai ƙungiyar masu jirgi da sarkin ruwa ko shugaban tasha, kuma da manyan masu lodi, waɗanda ke ba da hayar jirgi sukutum, za su haɗa baki su ce ba za su ɗora kaya ba sai a jirgin da ke da ma'aunin mai da rigunan ruwa, da maganar ta fi saurin shiga kunne fiye da ta kowace hukuma.